Dardumar Alhajinmu

Tun muna yara a Yakasai akwai wata darduma da ba a shimfiɗa ta sai ranar Sallah. Alhajinmu, Allah Ya jiƙansa, a Makka ya saye ta hannun wani mahajjaci ɗan Iran da guzuri ya yanke masa. Da aka zo rabon gado, ita na roƙa.

Watan jiya saura ƙiris in yi aika-aika. Na lura shuɗin tsakiyarta ba iri ɗaya ba ne: ya faro da duhu, bayan kamar taƙi biyu sai ya yi haske, kai ka ce layi aka ja. Na ɗauka koɗewa ce, na naɗe ta sai Ƙofar Mata don a rina min. Wani dattijo a bakin karofi ya kifa ta, ya bi ƙulle-ƙullen bayanta da farce.

"Hajiya, wannan ba koɗewa ba ce. Baba ne irin namu, amma turi biyu ne. Zare ya ƙare wa mai saƙar, ta sake rina wani. Don Allah ki mayar da ita gida."

Daga baya ɗana ya binciko min asalinta. Saƙar Ƙashƙayi ce, makiyayan lardin Fars a kudancin Iran, wajen Shiraz, masu harshe dangin Turkanci. Kamar Fulaninmu suke: lokacin zafi su hau duwatsun Zagros da tumakinsu, sanyi ya shigo su gangara kudu. Mata ne masu saƙar, a masaƙar da ake kafawa kwance a ƙasa, in tashi ya zo a tuge turakun a ɗora wa dabba. Shi ya sa gefen tawa ya ɗan karkace. Ba sa duba zane, daga ka suke yi. Ja daga saiwar wani tsiro, rawaya daga ɓawon rumman. A 2010 UNESCO ta sa saƙar dardumar Fars cikin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Abin da ya tsaya min a rai ita ce matar. Ban san sunanta ba, amma na san inda zarenta ya ƙare, kuma na ƙirga 'yan tsuntsayen da ta watsa a kusurwoyi, goma sha bakwai, ɗaya ma ya juya wa sauran baya. Jiya na shanya ta a inuwa, na sa mata kafur saboda asu, jikata tana tsugune tana neman na sha takwas.