Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Goron Hajiya

A makon jiya na tsaya a daren goma sha biyu ga azumi, inda kofin shayi ya tarwatse a gaban surukata. Na rubuta cewa kuɓuce mini ya yi. Yau zan gyara maganar: ni na doka shi da ƙasa.

Azumin 2023 ne, wanda ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu. Hajiya ta zo daga Zariya za ta yi watan a wurinmu a Unguwar Rimi, Kaduna, saboda ciwon gwiwa da ake duba mata. Falonmu ƙarami ne, idan aka shimfiɗa tabarma aka jera kulolin abinci, kowa yana jin numfashin kowa. Hajiya mace ce mai kawaici, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ta wuni ba goro, don haka da an idar da sallar asham sai ta kwance gefen mayafinta, ta ciro farin goro, ta ɓare. Ƙaras. Ƙaras. A daren nan an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, talabijin ya mutu, ba abin da ya rage a ɗakin sai wannan ƙarar.

Wanda bai taɓa ji ba zai ɗauka haushi ne irin na kowa. Ba shi ba ne. Tun kafin in yi tunanin komai ƙirjina ya ɗau zafi, tafin hannuna ya jiƙe, haƙorana sun datse, jikina yana ba ni zaɓi biyu kawai, ko in gudu ko in kai duka. Gudu a gaban suruka tana cikin yi mini magana rashin kunya ne. Sai kofin ya ɗauki dukan.

Mijina, Abban Ummi, bai ce komai ba sai da muka shiga ɗaki. Ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Uwata kike ƙyanƙyami?"

Na kasa amsa masa, domin amsar tana da tsawo. Ina shekara 11 a gidanmu na Tudun Wada abin ya fara, kuma da Babana ya fara, mutumin da na fi ƙauna a duniya. Zuƙar kokonsa ta safe ce. Nakan ɗauki nawa kofin in tafi bayan ɗaki. Mama ta ce tsirfa ce. Gwaggo ta ce mutanen ɓoye ne, aka yi mini ruƙiyya har sau biyu, aka turara ni da hayaƙi. Na ji sanyin karatun a zuciyata, amma washegari Baba ya zuƙi koko, wutar ta sake tashi. A makarantar kwana ƙas-ƙas ɗin cingam ne da jan majina a ajin dare. Shekara ashirin ina ɗauke da hukuncin da na yanke wa kaina, cewa ni mai baƙar zuciya ce.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hayaniya ba ta dame ni ba. Ina iya wuni a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, 'yan keke suna ta hon, masu baro suna ihun a ba su hanya, in dawo gida lafiya lau. Janaretan maƙwabta da injin markaɗe ba sa hana ni barci. Taunar da nake yi da bakina ma ba ta taɓa ni. Sai ƙaramar ƙara, mai maimaita kanta, daga bakin mutum ko hancinsa. Kuma gwargwadon kusancina da mutum, gwargwadon zafin abin. Baƙo a mota yana iya tauna gurguru in daure. Mijina ya yi sakace, sai in ji kamar in bar garin.

Kwana biyu bayan kofin, Abban Ummi ya ce mu je a duba kunnena. Muka tafi asibitin kunne na ƙasa da ke nan Kaduna. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki da ba a jin motsin waje, aka ɗora mini abin sauraro a kai, duk sautin da na ji in danna maɓalli. Ma'aikacin ya duba takarda ya ce jina lafiya ƙalau. Sai ya tambaye ni wace irin ƙara ce take tayar mini da hankali. Da na ce tauna, bai yi dariya ba. Wallahi wannan kaɗai ya sa hawaye suka zubo mini. Ya rubuta kalma ɗaya a takarda ya miƙo mini: misofoniya. Ya ce matsalar ba a kunne take ba, a yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar wasu sautuka take.

A daren ban runtsa ba har sahur, ina riƙe da waya. Ashe sunan ma bai tsufa ba, a 2001 wasu masana ji, miji da mata, Pawel da Margaret Jastreboff, suka raɗa shi a Amurka daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙin sauti. Sannan na ci karo da binciken da aka yi a Jami'ar Newcastle ta Ingila a 2017. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna kunna musu ƙarar ruwan sama, da kukan jariri, da ƙarar tauna da numfashi. Masu irin lalurata, da an zo kan tauna sai bugun zuciyarsu ya ƙaru, gumi ya keto musu, wani sashe na ƙwaƙwalwa mai tantance abin da ya kamata a mai da hankali a kansa ya ɗauki aiki fiye da kima. Na dubi tafin hannuna. Gumin nan da nake ɓoyewa a cikin hijabi tun ina yarinya, ashe har an auna shi da na'ura.

Ba ƙwayar da za a haɗiya abin ya tafi. Dabaru ne, kuma a sauran kwanakin azumin na fara gwada su. Na sayi fanka mai caji, domin na gane shirun ɗaki ne babban abokin gabana. Na koma zama a gefen mai ci maimakon in fuskance shi, saboda ganin motsin baki yana ninka abin. Nakan tabbatar ina cin nawa a lokacin da ake ci. Idan ya matsa, in sa abin sauraron waya a kunne ɗaya ƙarƙashin ɗankwali. Mafi amfani kuma shi ne in tashi tun wutar tana ƙarama. In yi a'uziyya, in je in ɗaura alwala, in bar ruwan ya daɗe a wuyan hannuna da fuskata. Mun taso muna jin cewa mai fushi ya nemi tsari, ya sauya yanayin da yake ciki, ya yi alwala. Ban taɓa riƙe wannan koyarwa da hannu biyu ba sai a watan nan.

Saura Hajiya. Tun daren kofin ta daina cin goro a falo, tana shiga ɗaki ta turo ƙofa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai: dattijuwa, a gidan ɗanta, tana ɓuya don ta ci goro.

Ranar ashirin ga wata, bayan la'asar, na same ta a kan sallaya. Na durƙusa na ce, "Hajiya, na zo neman gafara." Na faɗa mata komai, tun daga kokon Baba. Na ce ba ita ba ce, kuma ba ƙyama ba ce, da zan iya cire abin da hannuna da tuni na cire.

Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "'Yar nan, me ya hana ki faɗa tuntuni?" Sai ta ba ni labarin yayarta, Allah Ya jiƙanta, wadda har ta bar duniya ba ta taɓa sa hannu a kwano ɗaya da kowa ba. A madafi take cin tuwonta ita kaɗai. Dangi suka ce girman kai ne, kishiyoyinta suka ce maita ce. Hajiya ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Har da ni a masu cewa girman kai."

A daren, da aka idar da sallah, ta fito falo ta zauna a inda ta saba. Ta ce wa Ummi ta miƙo mata rediyo, ta murɗa har ta kamo tashar da ake tafsiri, ta ƙara murya. Ta kalle ni ta ce, "Ya isa haka, ko a ƙara?" Na ce ya isa. Sannan ta kwance gefen mayafin.

Akwai abin da ban faɗa mata ba. Ma'aikacin asibitin kunne ya ba ni shawarar in ga masanin halayyar ɗan'adam a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, kuma tun a mota Abban Ummi ya ce matarsa ba za ta taka can ba. Ni ma na so in bar maganar, sai ranar jajibirin sallah Ummi, 'yata mai shekara 6, ta zauna kusa da ni tana tsotsar mangwaro, na ji tafin hannuna ya fara jiƙewa. Daga nan zan ɗora mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.