Ruwan lagireto a ƙarƙashin kafet

Golf 3 ɗina ta fara shan ruwa ne a ƙarshen damina. Kowace safiya in na ɗaga bonet sai in tarar ruwan tankin roba ya sauka ƙasa da layi, amma inda ta kwana a bushe yake, ko ɗigo babu. Bakaniken da na fara kai wa bai ko sunkuya ba ya yanke hukunci: "Malam, gasket ne, sai an sauke tof."

Ban yarda an taɓa inji ba, domin gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (tof) da gangar jikinsa, in ya ƙone galibi ba ya ɓuya. Salansa kan yi farin hayaƙi ko bayan inji ya yi zafi, murfin baƙin mai ya yi kumfa fari-fari, ruwan tanki kuma ya riƙa ɓulɓulowa in an ba ta wuta. Tawa babu ko ɗaya. Na bi tiyo-tiyo da tocila, na duba gindin famfon ruwa da jikin lagireto, ƙalau.

Gilashin gaba ne ya tona asiri. Da asuba a Jos na kunna iska don ta share raɓa, sai gilashin ya ƙara dushewa, da wani maiƙo-maiƙo da tsumma ba ya gogewa, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi. Na cusa hannu ƙarƙashin kafet, wajen ƙafar mai zaman gaba. Soson da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf, ruwan kuma yana da santsi. Ruwan AC ba haka yake ba, shi fari ne tas, ba wari ba santsi.

Da yawa ba su san akwai wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod ba. Tiyo biyu ne ke ratsa bangon da ya raba inji da cikin mota, ɗaya ya kai masa ruwan zafi, ɗaya ya dawo da shi, fanka ta hura iska ta cikinsa, shi ne hita. A wannan motar ruwan yana zagayawa ta cikinsa kullum, ko an kunna hita ko ba a kunna ba, wani marfi ne kawai ke tare iskar. Saboda haka mai cewa "ni ai ba na kunna hita" bai tsira ba.

Don in tabbatar, na bari inji ya huce sarai, na kwance kilif, na zare tiyon biyu na haɗe su da guntun bututun ƙarfe. Ruwa ya daina raguwa. A nan galibin garejinmu ke tsayawa, kuma ga mai zirga-zirga tsakanin Kano da Katsina ba laifi ba ne. Ni dai hanyata Jos ce. Sanyin Disamba ma da sauƙi, a sa rigar sanyi. Abin tsoro shi ne gilashi ya dushe ana sheƙa ruwa a gangaren Hawan Kibo, ba iska mai ɗumi da za ta share shi.

Sabon ƙaramin lagireton bai kai aikin sa shi tsada ba. Na samo shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, na ƙi na gwanjo, don wanda ya shekara ashirin da wani abu a wata motar ba zai fi nawa lafiya ba. Sai da muka cire kan batir, sitiyari, da dashbod gaba ɗaya kafin akwatin hita ya fito. Kowace waya na ɗauki hotonta kafin a zare. Wani dattijo a garejin ya juya tsohon a hannunsa ya ce, "Yaro, ruwan burtsatse aka daɗe ana ɗura mata." Cikinsa ja wur da tsatsa, ya tsage daidai inda roba ta haɗu da alminiyom.

Maganar dattijon ita ce gaskiyar lamarin. Kulan, wato ruwa mai launi da ake zuba wa lagireto, ba don ƙasar ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. A tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa zalla yana tafasa wajen digiri 96. Na wanke hanyar ruwan har ya fito fari, na zuba kulan rabi, tataccen ruwa rabi, irin farin da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Tamostat ma, wanda ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗau zafi, na bar shi a wurinsa duk da an so cire shi. In babu shi inji kan daɗe bai ɗau zafin aikinsa ba, hitar ma ta riƙa hura sanyi. Tsohon ruwan kuma na tare shi a galan, domin guba ne, kuma zaƙinsa na jan yara da dabbobi.

Iska kan maƙale bayan irin wannan aiki. Na bar injin yana aiki a tsaye, hita a ƙure, ina matsa babban tiyo har fankar lagireto ta tashi, sannan na jira ya huce na cika ruwa zuwa layi. Kafet da sosonsa sai da aka fitar da su aka shanya a rana, don akwai wayoyi a ƙasa, kuma ƙarfen daɓen ya riga ya fara tsatsa a kusurwa ɗaya. Na kankare wurin na shafa fenti kafin a mayar da kujeru.