Ɗaurin aure a Yabo da gardamar da aka yi kan Shagari

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau na raka Kawu daga Sakkwato zuwa Yabo, ɗaurin auren jikar wani tsohon abokin aikinsa. Ciwon gwiwa ya hana shi hawa mashin, don haka muka je tasha muka shiga motar haya, shi a gaba kusa da direba, ni a baya tsakanin wani ɗan kasuwar albasa da wani dattijo mai farin rawani wanda daga baya muka ji mutumin Talata Mafara ne. Kuɗin mota ne ya buɗe hira. Kawu ya ji farashi ya yi salati, direba ya ce shi ma ba da son ransa ba, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar da yake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma daga nan ba ta sake waiwayo baya ba.

Kafin mu wuce Bodinga magana ta koma kan shugabanni. Ɗan albasa ya ce tun da aka yi Najeriya ba a yi kamar Umaru Musa 'Yar'aduwa ba, hujjarsa kuma guda ɗaya ce: ya tarar da mai naira 75 ya mayar da shi 70, daga baya 65. Direba ya ce shi Murtala ne gwaninsa, alhali da ganin fuskarsa ba a haife shi ba lokacin da aka kashe Murtala a Fabrairun 1976. Kawu bai tanka ba sai da muka doshi wajen garin Shagari. Ya nuna da sandarsa ta taga ya ce, "Ga mutumin kirki can kwance. Wanga bawan Allah ya riƙi ƙasag ga shekara huɗu da wata ukku, ya sauka bai da gidan da za a nuna a ce na sata ne." Muka yi wa Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, addu'a gaba ɗaya, har da dattijon nan. Da aka shafa sai ya gyara zama ya ce, "Alhaji, Allah shi jiƙan Turaki, ban ƙi ba. Amma mu mutanen Bakolori akwai abin da muka gani zamani nai."

Motar ta yi tsit. Na san labarin a takarda, amma yau ne na fara jin sa daga bakin wanda ya ce yana saurayi a lokacin. An gina dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, aka karɓe filaye don aikin noman rani, diyya kuma ta ƙi zuwa yadda aka yi alkawari. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. A lokacin Talata Mafara tana cikin jihar Sakkwato, gwamna Shehu Kangiwa ne, shugaban ƙasa kuma ɗan jihar. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce maƙwabcinsu ya fita da safe da fartanya a kafaɗa, har yau ba a ga kabarinsa ba, matarsa ta tsufa ta mutu tana cewa wataƙila yana tsare wani wuri. Kawu ya ce, "Malam, wannan aikin 'yan sanda na, ba shi ya ba da oda ba." Dattijon ya ce, "To wa ar shugaba ran nan?" Kawu bai amsa ba, kuma ban taɓa ganin Kawu ya rasa amsa a kan Shagari ba.

Wannan tambayar ce ta bi ni har wurin ɗaurin aure, kuma ita ta sa na zauna rubutu yanzu maimakon in kwanta. Mu a nan birni mun tashi da Shagari guda ɗaya: malamin makaranta mai doguwar hula, mai sanyin hali, Turakin Sakkwato, wanda sojoji suka tumɓuke ranar 31 ga Disambar 1983 suka tsare shi, aka bincika ba a same shi da satar dukiya ba, aka sake shi a 1986, ya dawo gida ya zauna har Allah ya karɓi ransa a Disambar 2018. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina ƙaunarsa saboda shi. Gidajen da ake kira rukunin Shagari suna nan a jihohi da dama, mutane na kwana a cikinsu. Amma a zamaninsa ne kuɗin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, a zamaninsa ne shinkafar waje ta zama hanyar arzikin manyan jam'iyya alhali ana ta shelar juyin noma, a zamaninsa ne aka kori baƙi 'yan Afirka ta Yamma masu yawan gaske a 1983, kuma a zamaninsa ne aka yi Bakolori. Wanda ya ci moriyar gida zai ba jikokinsa labari ɗaya, wanda ya rasa gona zai ba nasa wani. Abin da ke damuna shi ne labarin na biyu ba ya isowa rediyo ranar tunawa da mamaci, saboda masu riƙe da makirufo ba daga Bakolori suke ba.

Haka abin yake ga Murtala. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi, ya ƙirƙiro jihohi suka zama 19, cikinsu har da tamu, ya tsayar da maganar Abuja, aka harbe shi a hanya yana tafiya ofis ba tare da dogon jerin gwano ba. Hotonsa na kan naira 20. Amma shi ne ya sallami ma'aikata sama da 10,000 nan take, da masu laifi da waɗanda ƙiyayyar ofis ta ci, kuma Kawu da kansa ya sha gaya mini cewa daga ranar ne ma'aikaci ya koyi cewa kujerarsa ba ta da tabbas, gara ya tara abin da zai tara tun da wuri. Da Murtala ya shekara takwas, wa ya san da wane baki za a riƙa kiran sunansa? 'Yar'aduwa ma ajali ya ɗauke shi a Mayun 2010 kafin mutane su gaji da shi. Ya bayyana kadarorinsa a fili, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da tangarɗa, ya kafa kwamitin Mai shari'a Uwais na gyaran tsarin zaɓe, ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Sai dai rabin ƙaunar da ake yi masa yau daga wahalar da ta biyo bayansa ta fito. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Buhari kuwa shi ne ya fi ba ni tausayi da haushi a haɗe. Babu wanda talakan Arewa ya so kamarsa, na ga tsofaffi da suka tsaya cikin rana suna gadin ƙuri'a saboda shi. Ya samu shekara takwas cif, abin da Murtala da 'Yar'aduwa ba su samu ba. Da ya rasu a Landan a Yulin 2025 aka kai shi Daura, na ji wasu na kuka da gaske, na kuma ji wasu sun kasa cewa komai sai "Allah ya jiƙan Musulmi". Ka je ka tambayi mutumin Illela yadda rufe boda a 2019 ya yi da kasuwarsa. Ka tambayi mutanen Goronyo ranar da aka buɗe wuta a kasuwarsu a Oktoban 2021, ko na Sabon Birni da Isa da suka koma biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu. Ka tambayi matar da ta kwana a layin banki lokacin canjin kuɗi a farkon 2023. Su ma suna da nasu Buharin, kuma babu mai magana da yawun da zai iya goge shi.

Mun isa Yabo wajen ƙarfe goma sha ɗaya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an kafa rumfa, an jera kujerun roba a gaba waɗanda babu wanda ya zauna a kai. Liman ya iso, waliyyai sun iso, goro da alawa suna cikin faranti an rufe da kyalle, amma aka ce a dakata, mai girma yana hanya. Muka zauna cikin rana har inuwar rumfa ta gudu ta bar tsofaffi. Sai ga motoci baƙaƙe a jere, yara na bin su da gudu, maroƙi ya riga kowa sauka yana kirari. Mutumin ya fito da babbar riga mai aiki har ƙasa, wasu samari uku na gefensa kowa da waya a ɗage suna ɗaukar bidiyo. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba shi kaɗai ba ne irinsa. Tun ina makarantar firamare nake ganin fastarsa a bango. Ya yi kansila, ya yi shugaban ƙaramar hukuma, ya je majalisa, ya yi kwamishina, ya yi mai ba da shawara, jam'iyya kuwa ya shiga ya fita har na daina bin lissafi. Maroƙi ya kira shi gadar talakawa, ya ce tarihi ba zai manta da shi ba. Aka ɗaura aure cikin minti biyar, ya miƙa ambulan a gaban kyamara, hadiminsa ya watsa sabbin 'yan ɗari biyu, samari suka yi ta kokawa a cikin ƙura har aka take wa wani tsoho takalmi ya tsinke. Na ga tsohon ya ɗauki takalmin a hannu ya bi gefen katanga ya tafi ba takalmi a ƙafa ɗaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi ta tambayar kaina, in aka cire siyasa, mene ne sana'ar mutumin nan? Ba ya noma, ba ya koyarwa, ba ya saye ba ya sayarwa. Ranar da ya rasa kujera ya rasa abinci da mutunci a lokaci guda, shi ya sa ba zai taɓa yarda ya rasa ta ba, kuma shi ya sa duk kujerar da ya hau idonsa na kan ta gaba. Kamar mai noma gonar aro ne, ba ya kai mata taki, abin da zai kwasa bana kawai yake lissafi. Gwamna ya gama ya tafi Majalisar Dattawa, sanata ya dawo neman gwamna, ɗan majalisa ya ajiye wa ɗansa wuri. Asibitin garinsu babu magani, amma akwai allo mai ɗauke da sunansa da hotonsa a bakin rijiyar burtsatsen da ta daina ba da ruwa tun bara. Sun ɗauka suna abu ne da ake rubutawa a allo, ko a ba sojojin baka kuɗin data su yaɗa a Facebook.

A hanyar dawowa na faɗa wa Kawu haka, na ce ni na gaji da waɗanda suka mayar da siyasa sana'a. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, shi Turakin da kake yabo fa? Tun 1954 ya shiga majalisar tarayya, ya yi minista zamanin Tafawa Ɓalewa, ya yi kwamishinan kuɗi zamanin Gowon. Wa ya kai shi daɗewa cikinta?" Gaskiya ya faɗa. Na yi ta juya maganar har muka wuce Sifawa. Abin da na iya ce masa shi ne, Shagari yana da inda zai koma. A Yabo ya yi elementare, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu. Da sojoji suka rushe jamhuriya ta farko a 1966 ya dawo gida ya kama aikin ilimi na lardi, ba a ji ya bi sabbin masu mulki yana roƙon muƙami ba. Da aka sake shi a 1986 ya zauna a gida shekara talatin da wani abu, bai yi ta sauya sheƙa ba. Daɗewa a siyasa ba ita ce cutar ba a wurina. Cutar ita ce mutum ya zama ba shi da wata rayuwa sai ita. Duk da haka, na ce wa Kawu, kyawun halin mutum bai isa ya wanke abin da aka yi a ƙarƙashinsa ba, kuma ina ganin mu Sakkwatawa ya kamata mu iya riƙe Turaki da Bakolori a baki ɗaya ba tare da mun ji an zage mu ba. Kawu ya ce, "Shaidar duniya ita ce ta lahira, amma ba mutum guda ka ba da ita ba." Daga nan ya juya ga direba yana tambayarsa labarin titin Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a Illela a 2024, wanda ake cewa tun zamanin Shagari aka tsara shi. Direba ya ce ya ga manyan motoci na aiki, amma shi sai ranar da tayarsa ta hau kwalta zai ce an yi.

Mun shigo gari gab da magariba. Na sauke Kawu a gida, Inna ta ba ni fura a kwano na sha a tsaye. Litinin ina da darasin tarihi da 'yan aji biyar kan jamhuriya ta biyu, kuma littafin da muke amfani da shi bai ambaci Bakolori ko sau ɗaya ba. Na karɓi lambar wayar dattijon nan kafin ya sauka. Gobe bayan la'asar zan kira shi in ji ko zai yarda in ɗauki muryarsa in kunna wa yaran.