Kankana ɗaya, suna uku: inda na kwana da rajistar irina

'Yan'uwa masu koyon adana iri, na yi muku alkawarin bayani kan sunayen kayan lambun Rasha tun kaka, sai yanzu da ƙanƙara ta kulle mu a ɗaka a nan Minnesota ta Amurka na samu zama. Ambulan 46 na zazzage a kan tabarma, 17 daga ciki irin Rasha ne da na tara a wajen musayar iri.

Bari in fara da abin da ya tunzura ni. Fangalina a lambun unguwa bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, kuma kun san kankana da cin fili. Bara na ware mata kusan rabi, don ina da iri uku da nake son gwadawa: ɗaya an rubuta Ogonek, ɗaya Ogonyok, ɗaya kuma Small Shining Light. Na yi ta wahalar rufe furanni da ƙyalle ina haɗa barbara da hannu don kada su gauraya. Da suka nuna, ga su nan ƙanana, kore mai duhu kamar baƙi, ciki ja, ba ka bambance ta wannan kunya da ta waccan. Wata dattijuwa mai jin Rashanci da ke da fangali kusa da nawa ta karɓi ambulan ɗin, ta ɗaga tabarau, ta karanta, sai dariya har da riƙe ciki. Ta ɗauki tsinke ta rubuta a ƙasa: Огонёк. Ma'anarsa 'yar ƙaramar wuta. Biyu an kwaikwayi lafazi ne, na ukun an fassara. Na ce, "Iya, ashe aikin baban giwa na yi." Ta ba ni kokwamba biyu ta rarrashe ni.

Laifin na wani harafi ne, ё. Haruffan Rashanci 33 ne, kuma wannan e ce mai ɗigo biyu a ka, ana furta ta "yo". Rashawa da kansu ba su cika sa ɗigon ba a rubutun yau da kullum, don mai harshe ya san inda take. Baƙo ne ke faɗawa rami. Ni dai ban ga bakin zarginsu ba, mu da muke tura saƙo a waya mu rubuta baki alhali baƙi muke nufi. Kuma abin dariya, kalmar baƙi ɗin ce ta fi ba ni wuya a Rashancin ma: чёрный. A ambulan ɗina kaɗai na same ta Cherny, Chernyi, Chornyj, da wata da ta biyo ta hannun Bajamushe ta zama Tschernij. Jamusawa na rubuta ч da tsch, Faransawa da tch, Ingilishi da ch. Iri in ya ratsa ƙasa uku, sunansa ma ya sha fenti uku.

Mako na farko na ɓata shi wajen zaɓen tsari, don ba ɗaya ba ne. Akwai na hukumomin sunayen wurare na Amurka da Birtaniya, BGN/PCGN, na 1947. Akwai na ɗakunan karatun Amurka, ALA-LC. Akwai ISO 9 na 1995, wanda kowane harafi ke da abokinsa guda, ka iya komawa Rashancin ba kuskure, sai dai cike yake da alamomi a kan haruffa: č, ž, ŝ. A takarda ya fi kowanne tsabta. Amma ni da alƙalamin maka nake rubutu a kan sandar ayis kirim, rana ta dake ta, ruwa ya wanke ta. 'Yar alamar nan ba ta kai Yuli. Sai na ɗauki na 1947 na ɗan rage masa kaya: ж zh, х kh, ц ts, ч ch, щ shch, й y, ё kuma kullum yo. Na rubuta wannan a bangon littafin ciki, na hana kaina sake shawara.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙarshen kalma. Da ina ɗaukan -aya da -iy da -oye ado ne kowa ya sa wanda ya ga dama, har na kusa "gyara" Nantskaya ta koma Nantskiy don su yi layi ɗaya da Muromskiy. Allah ya taimake ni na tambayi Iya. Jinsi ne, kamar yadda muke cewa baƙin wake amma baƙar masara. Karas mace ce a Rashanci, shi ya sa Nantskaya 4. Kokwamba namiji, shi ya sa Muromskiy 36. Tushen sunan ma gari ne, na farko Nantes ta Faransa, na biyu Murom ta Rasha. Lambar da ke biye kuma cikin sunan take, kada ku yar da ita: kabejin Slava 1305, ba Slava kawai ba. Wanda ya tashi da Hausa ya riga mai jin Ingilishi gane wannan, don shi sifarsa ba ta canja riga.

Ƙananan gyare-gyare sun tafi da sauri. Tumatirin da aka ba ni da sunan Moskovich, Moskvich ne, wato mutumin Mosko, kamar ka ce Bakano. Japanese Black Trifele ba na Japan ba ne, na Rasha ne, kuma Trifele ɗin трюфель ce, wato truffle, wani dangin laimar kwaɗi, ta sha wuya a hanya. Paul Robeson kuwa na bar shi yadda yake. Sunan mawaƙin Amurka ne Rashawa suka raɗa wa tumatir, in na bi tsarina harafi da harafi sai ya dawo Pol Robson, mutum ya koma gida da sunan da danginsa ba su sani ba.

Fassara ce har yanzu nake kai-kawo a kanta. Kundin ƙa'idojin duniya na raɗa wa shuke-shuken noma suna, wanda aka fara fitarwa a 1953, bai yarda a fassara sunan iri ba, sai dai a juya haruffa. Na ga hikimar, kankanata shaida ce. To amma je ka wajen musaya ka ce kana da tumatirin Bychye Serdtse, a yi maka kallon mai tari. Ka ce Bull's Heart, fassararsa ta Ingilishi, hannu biyar ya miƙo. Haka masu jera iri a littafin shekara na Seed Savers Exchange, ƙungiyar da aka kafa a 1975 mai mazauni a Decorah ta jihar Iowa, da sunan da iri ya yi fice suke nemansa. Don haka yanzu kowane iri layi huɗu yake ci a rajistata: sunan da haruffan Rashanci, sannan juyin tsarina, sannan sunan daidai yadda ya zo mini a ambulan ko da kuskure ne, sannan daga hannun wa da shekara. Layi na uku ba na taɓa shi. Kuskuren ma sawu ne, shi ke nuna hanyar da iri ya biyo.

Wani tarko da na tsallake da ƙyar: da na ga suna ya zo ɗaya, hannuna ya yi ƙaiƙayin juye ambulan biyu na Bychye Serdtse a kwalba guda. Suna ɗaya bai sa iri ya zama ɗaya ba. Wannan sunan ya daɗe yana yawo a lambunan Rasha, akwai ja, akwai ruwan hoda, kowane gida da nasa. Na ba su lamba, 12 da 31, zan shuka su nesa da juna bana in ga 'ya'yan da idona. Kankanar kam na gani, na haɗe ta.

Saura ambulan uku da suka gagare ni. Ɗaya an rubuta Grushovka, ɗaya Grushevka, kuma ban yarda in ce ё ce ta sake yin halinta ba sai na ga rubutun asali. Na ukun rubutun hannu ne da fensir, harafin farko ko Z ne ko lamba 3, wanda a Rashanci kusan kamanninsu ɗaya. Na sa su a aljihun rigar sanyi, ranar Asabar akwai taron rabon fangali, Iya ba ta fashi.