Wanda ya riga ya sayi mota, me za ka rubuta masa?

Ranar da manaja ya kira ni ofis ya ce daga wannan watan ni zan riƙa haɗa wasiƙar imel da za a dinga aika wa abokan cinikinmu, na ɗauka abin mai sauƙi ne. Motoci muke sayarwa, sababbi da waɗanda aka ɗan hau, kuma muna da gareji a baya inda ake sabis da gyara. A ganina a lokacin, wasiƙar kamfanin mota ai tallar mota ce kawai. Na ɗauki hoton motoci takwas da ke filin nuni, na jera su, kowace da farashinta da jan rubutu, na aika. Wata na biyu haka, na uku ma haka. Ba wanda ya kira, ba wanda ya amsa, sai dai masu cire sunansu da ke ƙaruwa duk wata.

Babban bakaniken garejinmu, dattijo ne da ya kusa haifata, shi ya fara nuna mini inda na kauce. Na je neman izinin ɗaukar hoton wata mota da aka gama wankewa, yana goge hannu da tsumma ya ce, "Ɗana, su waye kake tura wa waɗannan hotunan?" Na ce, "Kwastomominmu ne, Baba." Ya ce, "To su kwastomomin namu ba sun riga sun sayi motar ba?" Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Maganar ta kwana a raina. Mutumin da ya sayi mota bara zai yi shekaru kafin ya sake tunanin wata, amma kullum yana cikin wadda ya saya. Birki yana masa ƙara da safe, wata fitila ta kunnu a gaban sitiyari bai san ma'anarta ba, batir ya fara nauyin tashi. Ni kuwa ina ta nuna masa abin da ba ya buƙata, na bar abin da ke damunsa. Sai na nemi kujera kusa da teburin karɓar motocin sabis, na yi mako biyu da littafi a hannu ina rubuta tambayoyin da mutane ke yi da bakinsu. "Wannan fitilar, zan iya ci gaba da tafiya da ita?" "Tayar nan ai ba ta ci ba, don me kuka ce in canza?" "Bayan kilomita nawa ake juye baƙin mai?" Tambayoyin ba su da yawa, maimaita kansu suke yi, kuma kowace ɗaya ta isa wasiƙa guda.

Da ta taya na fara, kuma har yau ita na fi so. Baba ya durƙusa da ni gefen wata mota, ya shafa ƙurar jikin tayar da babban yatsa har rubutun ya fito: haruffan DOT, sai wasu lambobi, sai huɗun ƙarshe a cikin ɗan zagaye. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hawa, shi ya sa kamfanin taya na Michelin ke ba da shawarar a riƙa kai taya dubawa duk shekara in ta wuce shekara 5, a canza ta in ta kai 10 ko da zanenta bai ci ba, har da safayar da ke kwance a but. Ya nuna mini 'yan tudun da ke cikin ramin zanen, waɗanda in saman taya ya zo daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, iyakar da doka ta sa a ƙasashe da yawa. Ya kuma buɗe ƙofar direba ya nuna takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ya ce nan ake duba yawan iskar da motar ke so, lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Hoto ɗaya na sa a wasiƙar, na yatsansa a kan lambobin nan huɗu, da sakin layi uku, da wurin dannawa ga mai son a duba masa. A makon nan mutane suka fara shigowa da waya a hannu suna nuna hoton tayarsu. Wani ya ce a wurin ajiye motoci na ofishinsu ya tsuguna ya duba, abokan aikinsa suka taru suna duba nasu.

Ta fitilu ta biyo baya: fitilar inji in ta tsaya cak a kai mota dubawa ba da jinkiri ba, in tana ƙyaftawa kuwa inji yana tsallake wuta, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, jar fitilar mai kuma ba a tafiya da ita ko kaɗan, a kashe inji nan take. Kowace wasiƙa sai na karanta wa Baba kafin ta fita. Sau da yawa yakan tsayar da ni ya ce, "Ba a kowace mota ba," in koma in gyara. Daga wurinsa na koyi daina rubuta adadin kilomita guda ga kowa, in ce mutum ya duba littafin motarsa ko ya tambaye mu da samfurinta.

Ɓangaren da ya fi ba ni wahala shi ne jerin adireshin kansa. Na gaje shi ne a haɗe: wasu daga rasit, wasu daga katin da mutane suka bari, wasu na waɗanda suka gwada tuƙa mota sau ɗaya shekaru da suka wuce. Ba wanda aka tambaya ko yana son wasiƙa. Adireshi da yawa sun daina aiki, saƙo yana dawowa, kuma masu karɓa da ba su san mu ba suna danna cewa tarkace ne, wato saƙon da ba su nema ba. Na zo na fahimci cewa kamfanonin imel suna lura da wannan, kuma in suna ya ɓaci a wurinsu, har wanda ke son wasiƙarka ba zai gan ta ba, tana can akwatin tarkace. Da aka kawo shawarar mu sayi ƙarin adireshi daga wani mai sayarwa, na ƙi, na kuma zo da hujja. Mailchimp da ire-irensa, kamfanonin da ake aika irin wannan wasiƙa ta hannunsu, sun hana amfani da jerin da aka saya. Dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta wajabta sa adireshin kamfani na zahiri a saƙon talla da cire sunan wanda ya nema cikin kwanakin aiki 10. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta tsaurara maganar yardar mutum kafin a yi amfani da bayanansa. Ko dokar wata ƙasa ba ta hau kanka ba, akwatunan mutane suna hannun Gmail da Yahoo, kuma tun Fabrairun 2024 suka gindaya wa masu aika saƙo da yawa sharuɗɗa: a tabbatar da sunan yankin kamfani, wato abin da ke bayan @ a adireshi, da SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin nuna cewa saƙon daga kamfanin ya fito da gaske, a sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya, kuma masu kai ƙarar tarkace kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. A wurin Gmail, mafi tsaurin sharuɗɗan na masu aika saƙo 5,000 a rana ne, mu ba mu kai can ba, amma na zauna da mai kula da kwamfutocinmu muka cika su duka.

Sai na aika saƙo guda ga kowa ina tambaya: kana so mu ci gaba da rubuto maka? Wanda bai amsa ba na cire shi. Jerin ya ragu sosai, manaja ya kalli adadin ya yi shiru na ɗan lokaci, ni ma gabana ya faɗi. Daga nan muka sa tambayar a takardar karɓar mota, da akwatin da mutum zai yi wa alama da hannunsa, ba wanda aka riga aka cika masa ba.

Na daɗe ina auna nasara da yawan waɗanda suka buɗe saƙo, kafin in gane yadda ake ƙirga shi. Wani ɗan mitsitsin hoto ne da ido ba ya gani ake sakawa, in ya sauka a wayar mutum sai a ce ya buɗe. Tun Satumban 2021, da fitowar iOS 15, tsarin da wayar iPhone ke aiki da shi, manhajar imel ta Apple tana iya sauke hoton da kanta ko mai wayar bai duba ba. Adadin sai ya kumbura. Yanzu abu biyu nake kallo: mutum nawa suka nemi ranar kawo mota ta wasiƙar, da mutum nawa suka amsa da rubutu. Wannan na biyun ma sai da na canza adireshin da muke aikawa da shi, domin na farko irin wanda ba a amsa masa ne. Abin ya dame ni da na tuna: muna shiga akwatin mutum duk wata, mun toshe ƙofar da zai yi mana magana.

Sauran darussan ƙanana ne amma sun ci mini lokaci. Gmail yana datse saƙon da rubutunsa na ciki ya wuce kilobayit 102, kuma abin da ke ƙasa, har da wurin cire suna, shi ke ɓuya. Wasiƙar da aka yi ta hoto zalla takan iso fanko ga wanda manhajarsa ba ta sauke hotuna. Yawancin mutanenmu a waya suke karantawa, don haka layi ɗaya ne daga sama zuwa ƙasa, kuma sai na aika wa kaina na duba a waya kafin kowa ya gani.

Shugaban sashen sayarwa bai ji daɗin yadda wasiƙar ta koma gareji ba, kuma ban ga laifinsa ba, da sayar da mota ake biyan albashinmu. Ya ce mini, "Malam, kana koya wa mutane riƙe tsohuwar mota, mu kuma sabuwa muke son su saya." Mun daidaita a kan mota ɗaya a ƙasan kowace wasiƙa, da bayaninta na gaskiya, har da kilomitar da ta ci. Sannan na raba jerin bisa samfurin mota da shekarar saye, ta yadda maganar musanya tsohuwa da sabuwa take zuwa ga wanda motarsa ta kwana biyu kaɗai. Raba jerin ya kuma hana ni sake kuskuren da na taɓa yi, na aika bayanin canza bel ɗin inji ga mutanen da injinsu da sarƙa yake aiki, suka yi ta kira cikin damuwa. Washegari na aika gyara da ban haƙuri a layin farko.

Wasiƙar da na fi ɗauka da nauyi ita ce ta kiran motoci don gyaran aibin masana'anta. Duk wanda ke wannan sana'a ya san labarin jakar iska ta kamfanin Takata, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum in an yi hatsari, wadda sinadarin da ke hura ta yake lalacewa da zafi da danshi har ƙarfen ya tarwatse a fuskar direba. An kira miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban, kamfanin Takata kuma ya durƙushe a 2017. Irin wannan gyara kyauta ake yi, amma sanarwar takan bi mai motar na farko, alhali motar ta canza hannu. Da aka aiko mana sanarwar kira kan wani samfurin da muka sayar, ban sa hoton talla ko ɗaya ba. Na rubuta abin da ya lalace, abin da zai iya faruwa, cewa ba a biyan komai, da inda za a ga lambar shasi mai harafi da lamba 17, a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. A ƙarshe na ƙara layi guda: in ka sayar da motar, don Allah ka tura wa wanda ya saya.

Bayan kwana biyu wani ya amso cewa ya sayar da tasa tun shekara biyu da suka wuce, yana tambaya ko ya ba ni lambar wayar mai ita na yanzu. Na ce a'a, ya tura masa wasiƙar dai, in yana so shi zai neme mu. Ranar Litinin da safe motar ta shigo gareji, wata mata ce ke tuƙi, da kujerar yaro ɗaure a baya. Ta miƙa wa Baba wayarta da saƙon a buɗe ta ce, "Baba, an ce in kawo muku ita." Ya karɓi makulli, ya leƙa gilashin gaba, ya karanto mini lambar shasin ina dubawa a takarda harafi bayan harafi, tana cikin waɗanda aka kira.