Asabar a Kure: a bi gawo, a ga raƙumin dawa

Yamai, Asabar, tsakiyar watan Janairu.

Mota ta tashi ƙarfe bakwai saura kwata, gari bai gama wayewa ba. A wannan watan rana ba ta ɓullowa a Yamai sai bakwai ta gota da kusan minti 20, sanyin safe kuma yana sauka wajen digiri 15, alhali kafin la'asar zai haura 30. Saboda haka rigar sanyi ta safe ce kawai, abin da zai yi aiki har yamma shi ne rawani ko hula mai baki, da takalmi rufaffe. Mai silifa ƙarangiya za ta koya masa hankali tun taku goma na farko.

Kayan da aka loda: tankin mota cike tun daga gari, tayar ajiya biyu, famfon iska, shebur, igiya, da guntun katako mai faɗi, don jak ba ya tsayawa a kan rairayi sai an yi masa shimfiɗa. Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum, da jarka ɗaya ta lita 20 ta mota. Katin shaida da takardun mota a aljihun gaba, don za a tambaye su a shingen jandarmomi. Kuɗi kuma a yi canjinsu jika-jika tun a Yamai. A ƙauye wanda ya fito da takardar jika goma zai daɗe tsaye.

Kure tana kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, kwalta ce har can, tafiyar awa ɗaya idan an haɗa da tsaye-tsaye. A gefen hanya ana ganin layin dogon da aka shimfiɗa zuwa Doso, wanda jirgi bai yi jigila a kansa ba, ciyawa da yashi suna ta cinye shi. Maganar da ba a tsallakewa ita ce ta tsaro. A ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum takwas a dajin nan, Faransawa shida da ƴan ƙasa biyu, direbansu da shugaban masu rakiya. Tun daga lokacin ba a zuwa da ka. A tuntuɓi masu rakiyar tun jajibere, a ji ta bakin hukuma, a shiga da safe, a fito kafin la'asar. Idan aka ce yau ba a shiga, to ba a shiga.

A bakin hanya ake ɗaukar mai rakiya da takardar shiga. Namu na yau dattijo ne Bazabarme mai Hausa tsaf. Direba ya tambaye shi ko nan kusa za a samu raƙuman dawan, ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan tambayar ta damina ce. Yanzu sai mun gangara."

Nan ne yawancin baƙi suke yin kuskure. Suna jin an ce raƙuman dawa na Kure, sai su ɗauka dabbobin suna zaune wuri ɗaya kamar na gidan ajiyar namun daji. Babu shinge, babu ƙofa. Ƙasar manoma da makiyaya ce, raƙuman kuma suna bin ganye. Da damina suna kan tudun fako na Kure, inda geza da sabara da taramniya suke tsirowa layi-layi, tsakaninsu fili ƙwal. Ruwan sama ba ya shiga wannan ƙasa mai tauri, sai ya gangara ya tsaya a gindin layin itacen da ke ƙasa, shi ya sa dajin ya yi zane kamar saƙa. Idan kaka ta wuce ganyen tudu ya bushe, sai su sauka Dallol Boso, wajen garin Harikanasu. Dalilin ɗaya ne: gawo. Shi gawo ya saɓa wa sauran itatuwa, yana kakkaɓe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Dallol kuwa tsohon kwarin kogi ne da ya gangaro tun daga Azawak, ruwa yana kusa da sama, gawo ya samu abin da yake so. Wanda ya san wannan ya san inda zai nufa a kowane wata.

Da aka sauka daga kwalta aka tsaya aka rage iskar taya, daga kilo biyu da rabi zuwa ɗaya da rabi. Taya mai laushi tana baje ƙafa a kan rairayi maimakon ta yi haƙa. Amma tana da nata sharri: gefenta yana kumburowa, ƙayar aduwa da kututturen gero su same shi a sauƙaƙe. Don haka a bi sawun amalanke, kada a yanke ta cikin gona ko da an girbe. Idan mota ta fara nutsewa, a ɗaga ƙafa nan take. Ƙara wuta shi ne ke binne ta har ciki. A fito, a share yashin gaban tayoyi huɗu da shebur, a miƙe sitiyari, a koma baya a hankali kan sawun da aka zo. Yau sau ɗaya ta kafe, a wani gangare kusa da rijiya inda shanu suka tattake ƙasa, minti goma aka fita.

Ƙarfe tara da ƴan mintoci mai rakiya ya sa aka tsaya, ya sauka ya duba ƙasa. Sawun raƙumin dawa kofato ne rabe biyu kamar na saniya, sai dai ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Kashinsa ƙanana ne kamar ƙwallon dabino, a warwatse, saboda daga sama yake faɗowa. Ya murza ɗaya, da ɗanshi. Ya tambayi wani yaro mai kiwon awaki, yaron ya nuna gabas da sanda. Wannan ita ce hanyar neman: sawu, kashi, makiyayi, sai wayar salula tsakanin masu rakiya.

Su bakwai ne a gindin gawo uku. Abin mamaki shi ne yadda dabba mai tsawon mita biyar take ɓacewa a idon mutum. Sai wuya ya motsa kafin a gane ba reshe ba ne. Irin na Nijar ya fi sauran raƙuman dawa na Afirka hasken fata, zanensa ja-ja ne mai haske a kan fari, ƙafafu kusan farare, don haka cikin hazon hunturu sai ya narke da launin ƙasa. A nan kyan wurin yake. Rairayi fari, karan gero a tsaye, rumbuna na zana, goriba can nesa, mace tana wucewa da tulu ba ta ko waiwaya ba, ga kuma wannan halitta tana zare ganye daga tsakanin ƙaya da harshe baƙi mai tsawon kusan rabin mita. Ba dutse, ba ruwa mai zuba, amma ido ba ya son barin wurin.

Yadda ake kusantarsu: a kashe mota da nisa, a sauka ba buga ƙofa, a tafi a karkace kamar mai wucewa zuwa gonarsa. Sun saba da manomi mai wucewa, ba su saba da mai nufo su kai tsaye ba. Taku 40 ya isa. Alamar an matsa da yawa ita ce su daina tauna, su kafe mutum da ido, wani ya yi huci. Nan sai a tsaya cak. Mai ɗa a ƙara mata nisa, don harbinta da ƙafa ba wasa ba ne. A sa rana a bayan mai ɗaukar hoto, a riƙe kyamara cikin jaka sai lokacin aiki, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina.

Ana gane namiji da ƙahonsa mai kauri, sanƙo a sama saboda karo da ƴan'uwansa, ga wani tudu a goshi. Na mace siriri ne da tuntun gashi. Ko daga nesa ma cin su ya bambanta: namiji yana miƙe wuya sama iya tsawonsa, mace tana lanƙwaso kai kan reshen ƙasa. Cikin bakwai ɗin akwai ɗan ƙarami guda. Watanni 15 uwar take ɗauke da ciki, ta haihu a tsaye, ɗan ya faɗo da tsawon babban mutum. Kowanne zanensa daban, shi ya sa masu ƙidaya suke ɗaukar hoton gefen dama da na hagu, kuma da damina suke yi, lokacin da garken ya taru a tudu.

A 1996 saura 49 kacal, kuma su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Da aka hana farauta aka jawo mutanen ƙauyuka cikin aikin, suka haura 600. A 2018 an kwashi takwas a manyan motoci zuwa Gadabeji, a jihar Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 800, don kada duka ƙwai ya zauna a kwando ɗaya idan cuta ko fari ya zo. Babu zaki a wannan yanki. Abin da ke kashe su shi ne motocin dare a kan kwalta, abin da ke ƙuntata su kuma saran itace da faɗaɗa gona. Amma kada mai yawon buɗe ido ya manta da wanda ke biyan kuɗin wannan kyau. Wani manomi da muka gaisa da shi ya nuna harawarsa da ya ɗora a reshen itace. Dabarar kakanni ce, akuya da saniya ba sa kaiwa. Ya ce, "Alhaji, ga wannan kuwa akushi na ajiye masa daidai baki." Wake a gona, mangwaro a lambu, duk suna taɓawa. A ganina duk baƙon da ya zo ya kalla ya tafi bai sayi ko ƙwaryar gyaɗa a ƙauyen ba, ya ci bashi.

Sha ɗaya da rabi rana ta take, hasken ya zama fari fat, raƙuman suka shige inuwa suna tuƙa. Daga nan babu sauran abin gani. Aka mayar da iskar taya kafin hawa kwalta, wanda in an manta taya za ta yi zafi ta fashe, aka yi azahar a Kure, biyu da rabi muna Yamai.

Da yamma a fada, wato majalisar shan shayi, bakin kogin Isa (Kwara) ta ɓangaren Harobanda, hayin kogi a Yamai. Kogin ya cika, kuma baƙo yakan yi mamaki, wata uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Wannan ruwan Gini ne: ya sauka can da damina, ya yi watanni yana yawo a fadamun Masina ta Mali, sai yanzu ya iso. Ya bambanta da jan ruwan Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal suke kawowa da laka, shi ne kuma mai cin gidaje kamar a 2020. Mai son shiga kwalekwale yanzu ne lokacinsa, daga biyar da rabi zuwa faɗuwar rana wajen bakwai saura minti 20. A watan Mayu sai tsibiran yashi.

Kan shayi na farko aka tayar da gardamar da ba ta ƙarewa, wane wuri ya fi kyau a ƙasar nan. Baba mai gadi, mutumin Agadas, bai bari an gama tambaya ba. Timiya, in ji shi. Kwana guda cur a mota cikin duwatsun Ayar baƙaƙe, sai kwatsam ga lambuna, lemu da rumman da dabino, ga ruwa yana zubowa daga dutse cikin tafki. Ya ce a je tsakanin Disamba da Janairu lokacin lemu, a riƙe bargo biyu, kuma kada a kwana a cikin kwari ko da sama tana tas, don ruwan da ya sauka a dutsen Bagazam, mai tsawon mita 2,022, yana isowa ba sallama. Wani ya tsokane shi da cewa itacen hamadar Tenere ma da suke taƙama da shi, tun da mota ta kaɓe shi a 1973 yana nan Yamai a gidan tarihi, sai dai su zo su gaishe shi.

Mai shayin, Ba'adare, ya tsaya kan Tabalak, kilomita 50 daga Tawa a hanyar Agadas. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ba a sauka daga kwalta, ba a neman kat-kat, motar shiga yashi. Tafki shimfiɗe tsakanin tuddan yashi ja, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai, masunta da tarwaɗa da karfasa, lambunan albasa a gefe. Sharaɗinsa a isa da hantsi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin ruwan ya ja baya ya bar taɓo. Wanda ya ambaci gandun dajin W, da giwaye da ɓauna da kwazazzabon Tapowa, kilomita 150 kacal daga nan, sai fada ta yi shiru. Kowa ya san Maris da Afrilu ne lokacinsa, sa'ad da namun daji suke taruwa a sauran ruwa, kowa kuma ya san hanyar ba ta biyuwa yanzu. Haka Ayoru da dorinarta.

Ni dai na ba Kure ƙuri'ata, aka ce don ƙurarta ba ta bar rigata ba tukuna. Ana zuba shayi na uku direba ya kira: tayar baya ta hagu ta kwanta a ƙofar gida. Mai faci ya zaro ƙayar aduwa uku, biyu a gefen taya, inda faci ba ya kamawa.