Yadda na yi sakaci da karatun kyauta a Amurka

Na sauka Niyok a 2016 ina da shekara 22, da takardar zama ta dindindin da mahaifina ya nema mini, wadda muke cewa girin kad. Da na cika shekara, wani yayanmu a masallacinmu na yankin Bronx ya zaunar da ni bayan sallar isha'i ya cike mini fam ɗin FAFSA, wanda da shi ake neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Kuɗin kwalejin al'umma ta shekara biyu dala 4,800 ne a shekara ga mazaunin birnin. Tallafin tarayya da ake kira Pell da na jiha suka biya duka, har aka turo mini ragowa ta sayen littattafai. Ya ce mini, "Ƙanena, wannan dama ce, ka riƙe ta da hannu biyu." Na ce masa to, amma da yatsa ɗaya na riƙe.

Ƙannena, ku da kuka iso kwanan nan da ku da aka haifa a nan, ina so ku ji yadda abin ya kuɓuce mini, don na ga wasunku sun kama hanyar da na bi.

Tun da ban biya ko sisi ba, sai na ɗauka ba abin da zan yi asara idan na yi wasa. Na yi rajistar darussa biyar, na kuma karɓi aikin dare a wani sito, daga goma zuwa shida na safe. Dalilina ba na banza ba ne. Innata tana Kumasi, ƙannena uku suna makaranta, kowa a unguwarmu ta zango ya san ɗan wane ya tafi Amurka. Wayar da ake bugo maka a ce rufin ɗaki yana yoyo, ba ka iya cewa kana da jarrabawa ranar Talata. Sai na riƙa zuwa ajin ƙarfe tara ido jajur, malamin lissafi yana rubutu ni ina gyangyaɗi. Cikin mako na shida na daina zuwa darussa biyu. Ban gaya wa kowa ba, ban je ofis na janye sunana ba, na ɓace kawai. A zangon karatu na biyu na daina zuwa gaba ɗaya tun kafin a kai tsakiya.

Ga abin da yake rubuce a takardun da na sa wa hannu ban karanta ba. Tallafin tarayya kana cin sa ne da zuwanka aji. Idan ka bar karatu kafin a ci kashi 60 cikin 100 na zangon, dole makaranta ta mayar wa gwamnati abin da ba ka cancanta ba, ita kuma ta juyo kanka. Haka karatun da na shiga kyauta ya bar ni da bashi, aka rufe mini rajista sai na biya. Akwai kuma sharaɗin ci gaba: matsakaicin makinka kada ya faɗi ƙasa da 2.0 cikin 4.0, kuma ka ci kusan biyu bisa uku na darussan da ka ɗauka. Sannan Pell yana da iyaka, zango 12 ne a duk rayuwar mutum, wanda ka ɓarnatar kuwa an ƙirga shi. Wasiƙu sun yi ta zuwa suna bayyana mini wannan. Na tara su a kan firij, kunya da tsoro suka hana ni buɗewa.

Kunyar nan ce ta fi cutar da ni. Mu an rene mu a kan kada ka kai kukanka ga baƙo. Amma a kwalejin akwai mutanen da albashinsu na sauraron irin kukana ne. Da na je na ce aikin dare ya fi ƙarfina, da an rage mini darussa, ko an nuna mini yadda ake ɗaukaka ƙara a maido da tallafi. Na ma ji labarin shirin ASAP na jami'ar birnin, wanda aka fara a 2007, mai ba ɗalibi kuɗin jirgin ƙasa da littattafai da mai ba shi shawara da zai riƙa bibiyarsa. Binciken da aka yi a kansa ya nuna ya kusan ninka yawan masu gamawa cikin shekara uku. Na ƙi nema don an ce sai mai karatu cikakken lokaci, ni kuwa ba na son rage awannin sito.

Ina goyon bayan a cire wa ɗalibai kuɗin waɗannan kwalejoji, da zuciya ɗaya. Obama ya kawo shawarar a yi wa ƙasar duka a 2015, majalisa ba ta amince ba, ta Biden ma ta faɗi a 2021, shi ya sa jihohi da dama suke da nasu tsarin, kowace da nata sharuɗɗan. A jihar Tenesi, inda aka fara a 2015, sai ka nema tun kana ajin ƙarshe na sakandare, ka yi aikin sa kai na awa 8 kowane zango. Tallafin Excelsior na Niyok yana so ka ci kiredit 30 a shekara, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin darussa da shi, kuma bayan ka gama ka zauna a jihar gwargwadon shekarun da ka ci tallafin, in ba haka ba ya koma bashi. Yawancinsu kuɗin makaranta kaɗai suke biya. Haya da abinci da kuɗin da za ka aika gida suna wuyanka, kuma su ne suka kayar da ni.

Saboda haka kafin ka yi rajista, ka yi lissafin awanninka kamar yadda kake lissafin dala. In dole ne ka yi aikin awa 40, ka ɗauki darussa biyu ka ci su, ka fara tambaya ko tallafinka ya yarda da haka. Ka kira gida ka yi maganar da ni na kasa yi. Bayan shekaru da na ba Inna labarin, ta yi shiru ta ce, "Ɗana, da ka faɗa mini, ai da mun yi haƙuri da yoyon." Na daɗe ban ji maganar da ta yi mini zafi kamar wannan ba.

Na gama biyan bashin a hankali. A 2025 jihar Niyok ta buɗe karatu kyauta a kwalejojin al'umma ga masu shekara 25 zuwa 55 da ba su da digiri, a fannonin da ake neman ma'aikata kamar jinya. Na koma, na bar aikin dare, kuma duk wasiƙar da ta zo daga makaranta a tsaye nake buɗe ta kafin in cire takalmi.